Kofunan tangaran da na siya hannun wata maginiya, wata shida kenan

Na ƙi yin magana da wuri ne sai da na ga yadda kayan za su yi da wanki da ruwan zafi, to yanzu wata shida kenan, kofi huɗu da kwano biyu, kullum sai an taɓa su.

Ita dai baiwar Allahn nan da farko malamar zane ce, tace wata ƙawarta ce ta ja ta ajin ginin tukwane na yamma, ranar farko yumɓun ya tashi daga kan faifan da ke juyawa ya ɓata mata riga, amma tana komawa gida hannunta ya ƙi mantawa, ta ɗau kusan shekara biyu tana koyon tsayar da yumɓu a tsakiyar faifai kafin ta yarda ta sayar da ko kofi ɗaya. Wallahi wannan haƙurin ana ganinsa a jikin kayan.

Abin da ya fi burge ni adon ne. Tana shafa farar laka mai ruwa ruwa a kan jikin kofin tun bai gama bushewa ba, sai ta sa tsinke ta karce, launin yumɓun na ƙasa ya fito, ganyaye ne da ƴan kifaye, kuma ba ko'ina take zanawa ba, daidai inda yatsunka ke kamawa nan ta sa zanen, sai kaji ƴan ramukan suna riƙe maka hannu ko da ya jiƙe. Bakin kofin kuwa ta bar shi sumul babu komai saboda leɓe, cikin ma haka, soso ɗaya ya fita tas. Na ce mata aikin ya tuna min Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar nan wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Bature Michael Cardew a 1954 tana karta ƙadangaru da kunamu a jikin tulu, tayi murmushi tace ai hotunan aikinta ta daɗe tana kallo.

Gashi biyu take yi, na farko wajen digiri 1000, sannan ta tsoma a ruwan sheƙi, wanda ke zama kamar gilashi a jikin kayan in an gasa, ta mayar tanderu sama da digiri 1200, shi yasa in ka ƙwanƙwasa zakaji ƙara kamar ƙararrawa, kuma baya tsotsar ruwa. Na tambaye ta batun dalma a cikin sheƙin, don wannan ba abin wasa bane a kayan da ake kaiwa baki, tace bata amfani da ita sam.

Inda ban ji daɗi ba, mariƙin kofi ɗaya ya yi ƙanƙanta, yatsa biyu da ƙyar, tace yumɓu yana motsewa fiye da kashi goma cikin ɗari tsakanin bushewa da gashi, na gane amma ai ita ya kamata ta lissafa. Kwano ɗaya kuma sheƙinsa ya yi ƴan tsage tsage sirara a ciki bayan wata biyu, na tura mata hoto, bata ja magana ba ta canza min, sai dai na jira sati biyar don sai tanderun ya cika take kunnawa.

Suna da ɗan nauyi fa, mai ƙananan yara ya sani. Ni dai na riga na sa ta yi min faranti shida, da kifayen nan.