Kanta ko kabad? Amsa ga mai sabon kicin a Garwa

Ƙanwata da ta yi tambaya daren jiya: kin ce kun tare a sabon gida a unguwar Rumde Ajiya, kicin ɗin siminti ne tsirara, ko leƙa shi ba kya marmari, har yara sun fara sabawa da makala (fanken nan) da wake na bakin titi. Kuɗin hannunki na abu guda ne, ko kafinta ya kafa miki kanta ki jera kwanuka a fili, ko ya haɗa miki kabad mai ƙofa. Na zauna da kowanne, ga abin da na gani.

In dai kyau ake nema, kanta ta yi wa kabad fintinkau. Iyayenmu da suke jeren samira da langa da fanteka tun daga ƙasa har rufin ɗaki sun san abin da suke yi. Ki shigo da safe ki tarar da kwanuka suna walƙiya, faifai masu launi a bango, ƙwarya mai zane irin ta kasuwar Marwa a gefe, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa kowace a kwalbarta, wallahi hannunki da kansa zai kai ga tukunya. Ga arha, katako uku da ƙarfen tokare sun gama aiki. Kuma abin da ido ke gani ba ya ruɓewa a ɓoye. Ni a kabad na taɓa mance garin masakwa a can lungu, ban tuna ba sai da ƙwari suka riga ni.

Amma fa Garwa muke. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta sauke mana, ki goge kwano da hantsi, kafin la'asar ki rubuta sunanki a kansa da yatsa. Ƙurar ita kaɗai da sauƙi, tsumma ya ishe ta. Matsalar sai ta haɗu da maiƙo. Duk ranar da kika soya ƙarfasar madatsar ruwan Lagdo a man angurya na Diamaor, tururin man yana tashi ya kwanta a kan duk abin da ke fili, ƙura ta zo ta zauna a kansa, su zama wani danƙo da sai ruwan zafi da sabulu. In da itace ko gawayi kike girki a cikin ɗakin, ƙara kunkunniya a lissafi. Shekarar da na yi da kanta huɗu cike da kayan aurena, duk Asabar wankin kwanukan da ban ci abinci a ciki ba nake yi, har na fara jin haushinsu.

Kabad ya raba ki da wannan wahala, kin rufe ƙofa kin huta. Nasa ciwon a ciki yake. Duhu da ɗumi su ne gidan kyankyaso, in kuma kika kife kwano da sauran ruwa a watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, warin danshi zai tarbe ki. Sai gara. Katakon da ya zauna daram a kan siminti ya jingina da bango, gayyata ce. Ki kuma yi hattara da allon nan na garin katako da aka matse, mai santsin fuska kamar na kanti: ruwa na taɓa gindinsa yake kumbura, ba ya komawa. In kabad za ki yi, ki ce a sa masa ƙafafu kamar taƙi guda daga ƙasa yadda tsintsiya za ta shiga, a bar 'yar tazara tsakaninsa da bango, ƙofa ɗaya kuma a yi mata raga maimakon katako don iska. Na alminiyam da gilashi ya fi tsada, amma gara ba ta da abin yi da shi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: kada kafinta ya burge ki da cewa zai ɓoye miki tukunyar gas mai kilo 12.5 a cikin kabad rufaffe don kicin ya yi tsaf. Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta tsiyaya ƙasa take kwanciya ta taru. Ki bar ta a fili, ko a gurbin da ba ƙofa.

Da ni ce ke, da kuɗin abu guda, kabad zan yi, amma gajere, iya ƙugu, samansa ya zama teburin yanka albasa. Sannan in roƙi kafintan ya ƙara mini katako ɗaya tak daga ragowar aikin, a kafa a bangon da ya fi nisa da wuta. A kansa ba abin da zai hau sai wanda hannu ke taɓawa kullum, kofunan shayi, kwanon tuwon maigida, kwalaben kayan miya, don abin da ake wankewa kowace rana ƙura ba ta samun zama a kansa. Muciya, maburgi da ludayi a rataye su a ƙusa. Samirar aure ta tafi ɗaki inda ta saba.

Ba ki faɗi ko da gas kike girki ko da gawayi ba. In gawayi ne, murhun ya koma tsakar gida ƙarƙashin rumfa, musamman a Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ɗakin ya zama na ajiya da haɗa kayan miya. A nan kam kanta biyu ma ba za su dame ki ba. Abin da ya rage na kuɗin ki sayi fentin mai, mai haske, ki shafa wa bangon da ke bayan wuta, shi ne wanda soso ke gogewa. Ki turo mana hoton inda tagar take kafin kafinta ya auna.