Waken Nima akwai daɗi, ma'aikata ne ba sa zama

Gaskiya wake da shinkafar wannan gidan abinci na unguwar Nima a Accra ba a magana, shito (miyar barkono) yaji daidai, wele (ganda) ya dahu luguf, ga taliya da gari a gefe. Matsalar wurin ma'aikata ce, ka saba da yarinyar da ta san ba ka son mai da yawa, wata na zagayowa sai ka tarar da sabuwar fuska, layi har bakin titi ita kuma ta rikice da lissafin momo, wato kuɗin da ake turowa ta waya.

Na yi wa Hajiya mai gidan abincin magana tace "ɗana, da sun iya aiki sai su gudu." Ni dai ban ga laifin yaran ba, tun asuba suna gaban wuta, mai zuwa daga Madina ko Ashaiman kuɗin trotro (motar haya) kaɗai ya cinye mata albashi. Hajiya ma da nata, in ta yi musu rajistar SSNIT, hukumar fansho ta Ghana, kashi 13 cikin ɗari na albashinsu daga aljihunta zai fita, ga gas da shinkafa sun yi tsada.

In za ku je ku je kafin ƙarfe tara, lokacin ita da kanta take zubawa.