Karkatar farfela a zafin Maraɗi: ƙarama ko babba?

Ɗan'uwa, ka ce jirgin da kuke haɗawa mai kujera biyu ne, injinsa Rotax 912 ULS, farfelarsa mai fukafukai uku irin wadda ake sassauta notuna a murɗa tun jirgi yana ƙasa. Wani kuma ya ba ka shawara ka ƙara wa fukafukan karkata domin jirgin ya ƙara gudu ya rage shan mai a doguwar tafiya, kamar daga Maraɗi zuwa Yamai. Kana son sanin wadda ta fi, ƙaramar karkata ko babba. Ni ina bayan ƙaramar, amma bari in ajiye maka su kusa da juna ka gani.

Karkatar fiffike ita ke yanke yawan iskar da farfela za ta ɗiba a kowane juyi. Kamar giyar babur take, sai dai giya ɗaya tak za ka zaɓa, da ita za ka tashi, da ita za ka sauka. Ƙaramar karkata giya biyu ce, inji yana juyawa sakayau, ja da ƙarfi, gudu kaɗan. Babba kuwa giya huɗu ce, tana da daɗi in an miƙe hanya, amma a wurin tashi tana danne inji.

A kan titin tashi bambancin ya fi fitowa fili. Wannan injin ba ya ba da ƙarfin dokinsa 100 sai ya kai juyi 5,800 a minti, kuma minti 5 kawai aka yarda ya zauna a nan. Iyakar da zai iya ɗorewa a kai ita ce 5,500. Da ƙaramar karkata, kana tura totur inji zai haura kusa da inda ƙarfinsa yake, jirgi ya ɗaga da wuri. Da babba, ka tura totur har ƙarshe allurar ma'aunin juyin inji ta tsaya a 4,800 ko 4,900, ka ji inji yana nishi, titi yana ƙarewa a gabanka. Kamfanin Rotax da kansa ya yi gargaɗi kada juyi ya gaza 5,200 lokacin tashi da cikakken totur.

To sai ka ɗora zafin garinmu a kan wannan. Filin jirgin Maraɗi bai fi mita 380 sama da teku ba, mutum sai ya ɗauka ba wata matsala. Amma a Afrilu da Mayu, ranar da zafi ya kai digiri 40, iska tana yin shara-shara har jirgi ya ji kamar daga tsayin kusan mita 1,400 yake tashi. Injin da ba shi da turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), irin naka, yana asarar kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 300 na irin wannan tsayi, wato dokinka 100 sun koma wajen 86 tun ba ka motsa ba. Fukafukan jirgin su ma sai sun sami ƙarin gudu kafin su ɗauke shi. Wanda ya ƙara wa farfela karkata a irin wannan rana, ga mutum biyu ga tanki cike, ya sake zaftare ɗan ƙarfin da ya rage masa. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a shawarar da aka ba ka.

A sama, bayan an daidaita an miƙe, nan ne babbar karkata take da hujja. A juyi ɗaya da ƙaramar, ta fi ta cin nisa; a gudu ɗaya kuma juyin inji ya yi ƙasa, ƙararsa ta ragu. Ƙaramar tana da nata aibin: in ta yi ƙanƙanta da yawa, allura za ta nemi tsallake 5,800 da zarar ka sunkuyar da hancin jirgi, dole ka riƙa janye totur, gudu ya ragu. Daga Maraɗi zuwa Yamai kilomita kusan 540 ne a miƙe, don haka bambancin kilomita 10 a awa ba zai wuce 'yan mintoci ba. Kuma ribar babbar tana da iyaka. In karkata ta wuce kima, inji ba ya kai juyin da zai ba da ƙarfi, sai gudun ma ya faɗi, ka riƙa tafiya da totur a buɗe kana ƙona man da aka ce za ka adana.

Ta wajen lafiyar inji ma ba su zo ɗaya ba. Cikakken totur da juyi ƙasa-ƙasa yana ƙara matsi da zafi a cikin silinda, kuma a nan ne mai yake fashewa maimakon ya ƙone a hankali, ya ci kan fistin ba tare da matuƙi ya ji komai ba. Wannan injin yana son mai mai lambar oktan (ma'aunin jurewar mai ga irin wannan fashewa) 95 zuwa sama. Isansin kwalba na bakin hanya kada ya kusanci tankinka, ko da wace karkata ka zaɓa, amma babbar ita ta fi saurin tona asirin mai mara kyau.

Wajen saitawa, kada ka karɓi lambar digiri daga bakin wani ka ɗora. Wasu kamfanoni a kashi 75 cikin 100 na tsawon fiffike suke aunawa, wasu a can ƙarshensa, saboda haka digirin wata farfela ba na wata ba ne. Ka fara da abin da littafin farfelarka ya ce. Ka kashe wutar inji gaba ɗaya, ka sa wa tayoyi weji, ka kawo kowane fiffike wuri ɗaya ka auna shi da ma'aunin kusurwa, su ukun su zo daidai da juna gwargwadon iko. Fiffike ɗaya da ya saɓa wa 'yan'uwansa shi ke kawo girgizar da ke gajiyar da giyabos. Ka ɗaure notuna a hankali bi da bi da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, sannan ka sake aunawa, domin fiffike yakan goce yayin ɗauri. Gwajin totur a ƙasa a yi shi a kan kwalta ko siminti mai tsabta, jirgi a ɗaure. A kan rairayi farfela tsakuwa take tsotsa ta farfasa bakinta.

Hukunci na ƙarshe yana sama. A tsayin da ka saba tafiya, ka miƙe ka buɗe totur duka na ɗan lokaci. Makanikai da yawa suna neman allura ta zauna tsakanin 5,500 da 5,650. A nan Maraɗi ni zan nufi can sama-saman wannan tazara, in kuma tabbatar juyin inji lokacin hawa sama bai gaza 5,200 ba. In za ka gyara, rabin digiri ya isa a kowane karo, ka rubuta abin da ka gani tare da zafin ranar. Kowane canji kuma ya shiga littafin jirgi da sa hannun injiniya mai lasisi. In cibiyar farfelar ko fukafukanta na katako ne, ka sake duba ɗaurin notunan da hunturu ya kama, saboda bushewar iska tana sa katako ya tsuke, ɗauri ya saki.