Goge mai tsirkiyar hanji: daren Biber da Corelli

Makon jiya wata abokiyar aikina ta ja ni zuwa wani tsohon coci a nan Jamus, wai in ji kiɗan Turai yadda ake yin sa shekara 300 da suka wuce. Makaɗa biyu ne kacal: mace da biyolin, gogen Turawa ke nan, sai namiji da tiyobo, wata irin garaya mai wuya zaƙaƙam.

Biyolin ɗin ba irin na yanzu ba ne. Tsirkiyarsa ta hanjin tunkiya ce, ba waya ba, babu matokarin haɓa, bakan kuma gajere. Sautin ma sun ɗan sauke shi ƙasa, zuwa 415 a ma'aunin sauti maimakon 440 da aka saba. Da yake a layi na biyu nake, har kartar izga a kan tsirkiya ina ji, da jan numfashin matar kafin ta ɗora baka. Muryar tana da ɗan kaushi mai daɗi, kunnen da ya saba da gogenmu ba zai ji ta baƙuwa ba.

Kiɗan Biber, wani mai tsara kiɗa da ya rasu a Salzburg ta Ostiriya a 1704, shi ya fi kama ni. A jerin kiɗansa 15 na carbin Kiristoci, kowanne da irin ɗaurin tsirkiyarsa, a na 11 ma sai an gitta tsirkiyoyi biyu na tsakiya. Shi ya sa matar ta zo da biyolin uku. Ta ɗaga mai gicciyen ta nuna mana, mutane suna ta miƙa wuya.

Inda gizo ke saƙar, hanji ba ya son sanyi, cocin kuwa kamar firji. Kafin kowane kiɗa sai sun tsaya murɗa tsirkiya, mai tiyobo da nasa tsirkiyoyin 14 ya fi kowa shan wahala. Haƙurina ya kusa ƙarewa, ga benci ya ishi bayana. Kuma duk lokacin da matar ta zafafa, tiyobon sai ya nutse. Na baya ina jin hannun mutumin kawai suka gani.

Da La Folia ta Corelli, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, suka rufe, wadda aka buga a Rum a 1700. Zubi ɗaya ne ake ta juyawa sama da sau 20, yana ƙara wuta, har izga ta tsinke tana reto a bakin baka, matar ko a jikinta. In sun dawo zan koma, amma da rigar sanyi biyu, kuma da wuri don in kama gaba.