Shagon fentin mota na Farin Gada da tsohon rediyon soja

Wajen 'yan gwangwan na Dilimi, a Jos, na tsinci akwatin, yana cikin tulin da za a ɗora a sikeli. Ina ganin maɓallan juya zango da gurbin eriya na gane shi: PRC-77 ne, rediyon goyo na sojan Amurka da ya fara aiki a 1968, lokacin yaƙin Biyetnam. Mai rai yana kamawa daga megahaz 30 zuwa 75.95, tasha 920. Nawa dai ba ya magana, an riga an yashe cikinsa. Shekara goma sha tara ina gyaran rediyo da talabijin ban taɓa riƙe irinsa ba, shi ya sa na biya kuɗin kilo na ɗauko shi, in mayar masa da kamanninsa in ajiye a kan kanta.

Da farko jan fentin nan da masu walda suke shafa wa ƙofa da taga na sa wa murfin ƙasa. Kwana huɗu na bar shi ya bushe. Da na sa farce sai ya ɓare kamar ɓawon dafaffen ƙwai, ƙarfen yana sheƙi a ƙasa kamar ba a taɓa shi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shago uku na shiga a kan titin Bukuru, kowa jan nan yake miƙo mini, wani ma har da rantsuwa.

Wani mai fentin mota ne ya tura ni Farin Gada, wani ɗan shago tsakanin masu sayar da kayan gyara. Dattijon da ke ciki bai tashi ya ɗauko komai ba sai da ya karɓi murfin, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da zobensa.

"Ɗana, wannan ai alminiyam ne. Me ka shafa masa?"

Na gaya masa. Ya ce, "Wancan na baƙin ƙarfe ne. Wannan sai mai cizo."

Abin da yake kira mai cizo shi ne fentin shimfiɗa na feshi da aka rubuta Self Etching Primer a jikin gwangwaninsa. Alminiyam da zarar iska ta taɓa shi yakan yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ce take kare shi, ita ce kuma take hana fenti kamawa. Wannan kuwa akwai asid ɗin fosforik kaɗan a cikinsa, yana cin fatar nan ya samu wurin riƙewa. Kuɗin gwangwani ɗaya ya kusa na jan fenti uku, amma Baba bai bari na sayi biyu ba, ya ce ɗaya ya ishe ni har da saura.

Abin da ya fi saya masa daraja a wurina shi ne gargaɗin da ya yi mini. Ya nuna wani launi tsakanin rawaya da kore da ke leƙowa ƙarƙashin tsohon fentin, ya ce kada in kuskura in goge shi a bushe. Gaskiyarsa: irin wannan shimfiɗar ta zinki kuromet ce da ake sa wa jiragen sama da kayan soja a da, kuma ƙurarta tana kawo ciwon daji idan ana shaƙa. Ya hana ni burushin waya na ƙarfe, don yana barin ɓurɓushi da zai ci alminiyam daga baya. Ya hana ni soda, ita kam narkar da shi take yi.

Da ruwa na yi gugar, samfefa mai lamba 320, da takunkumi da safar hannu, har farin garin tsatsar alminiyam da ya taru a kusurwoyi ya fita. Na goge da tina, na rufe farantin lamba da gurbin eriya da salatif. Watan Janairu ne, kuma kowa ya san safiyar Jos, don haka na jira sai bayan azahar da ƙarfen ya ɗumama. Feshi biyu marasa kauri, har kana hango ƙarfen ta cikin na farko. Warinsa yana da ƙarfi, a tsakar gida na yi. Kada kuma mutum ya sa ran zai cike masa rami ko karce, duk tabon da ke jikin akwatin yana nan ana gani.

Bayan kwana biyu na tsaga layuka da reza a cikin murfin, a tsaye da a kwance, na manna salatif na fizge. Ko ɗigo bai biyo ba.

Inda shagon ya gaza shi ne fentin ƙarshe da ake ɗorawa a kan shimfiɗar. Ba su da koren soja marar ƙyalli, yaron shagon ya haɗa mini, ya fito da sheƙi irin na mota, kuma ya fi na asali haske. Na koma da murfin, Baba ya duba a rana ya ce in dawo Asabar, zai sa a ƙara baƙi da maganin kashe ƙyalli ba tare da na ƙara ko sisi ba. Akwatin yana kan tebur yanzu, toka-toka, na lulluɓe shi da tsohon zani saboda ƙurar hunturu.