Garin MS na tsirar da wake a kwalba: kaya mai kyau, amma ba ya son zafin Bauchi

Garin MS shi ne abincin tsiro da masana kimiyya biyu, Murashige da Skoog, suka haɗa a 1962, kuma har gobe da shi ake fara kusan kowane aikin rainon tsiro a kwalba. Wanda muke magana a kansa shi ne haɗaɗɗe, mai bitamin a ciki. Ga ɗalibi a ATBU Bauchi ko Jami'ar Jihar Gombe da ke shirin aiki a kan waken Turawa, wato Phaseolus vulgaris, irin wanda ake nomawa a Filato da Mambila, ya cancanci kuɗinsa, domin ya hutar da mutum auna gishiri sama da goma ɗaya bayan ɗaya.

Haɗinsa ba wuya. A lita ɗaya ta tataccen ruwa ana zuba giram 4.4 na garin, sukari giram 30, a daidaita pH, wato ma'aunin tsami, ya tsaya 5.8, sannan a sa agar, garin da ke sa abincin ya daskare, giram 8, a dafa a otokilef, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, minti 15 zuwa 20 a zafin digiri 121. In pH ya yi ƙasa sosai, agar ba zai daskare ba. In aka wuce lokacin dahuwa, sukarin ya ƙone, ruwan ya koma kalar shayi.

Inda mutane ke zargin garin a banza shi ne wajen toho. Wannan wake yana da taurin kai: ya yi ta tara ƙullutun nama amma ya ƙi fitar da reshe. Garin kuwa ba shi da sinadarin sa toho, sai an ƙara BAP, kamar miligiram 2 zuwa 5 a lita. Kuma kada a ɓata lokaci da ganye. A wanke irin a itanol kashi 70 na minti ɗaya, a jiƙa a ruwan bilic minti 15, a ɗauraye da dafaffen ruwa sau huɗu, a tsirar da shi kamar mako guda, sannan a yanko gaɓar da ɓarin wake biyu suka haɗu da kara. Nan ne toho yake. Bakin yankan yakan yi baƙi ya ɓata abincin da ke kewaye da shi, don haka a riƙa canja kwalba duk mako biyu. BAP in ya yi yawa, ganyen sai ya kumbura da ruwa, ya yi sheƙi kamar gilashi, irinsa ba ya rayuwa a ƙasa. Lokacin saiwa a rage garin zuwa rabi, a cire BAP, a sa IBA, sinadarin sa saiwa, kaɗan.

Aibinsa na gaske shi ne shan danshi. Kwalbar da aka buɗe a watan Agusta aka bar ta a kan teburi, kafin a ankara garin ya dunƙule, awon ya daina zama daidai. Wurinsa firji ne, digiri 2 zuwa 8, a rufe gam, kuma a bari ya huce da sanyin kafin a buɗe murfin. Shi ya sa muka fi yarda da ƙananan fakiti na lita ɗaya ko goma a kan babbar kwalba, ko da babbar ta fi arha.

Sai kuma wuta. Tsiron yana son digiri 25 da haske awa 16, alhali a Afrilu zafin nan yana kaiwa 40. Wanda ba shi da sola ko janareta da zai riƙe na'urar sanyaya ɗaki, gara ya tanadi wannan tukuna kafin ya sayi garin.