Kafin ka kai ƙarafan tsohuwar motarka a sake musu kurom

Marsandin da mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙansa, samfurin W123 ce, irin waɗanda kamfanin Mercedes ya ƙera daga 1976 zuwa 1986. Ta yi shekaru a Legas kafin a dawo da ita Kano, kuma iskar teku ta bar mata tabo. Inji lafiya ƙalau, kujeru ma ba laifi, amma mariƙan ƙofa duk sun yi zanzana, bambar baya kuwa ta fito da ƙuraje, kana sa farce ɓawon kurom ɗin, wato rufin nan mai ƙyalli, yana ɗagowa. A kan waɗannan ƙarafa na yi asarar da har yau take yi mini ciwo, don haka duk mai shirin tayar da tsohuwar mota ya tsaya ya ji hanyoyin da ke gabansa kafin ya kwance noti ko ɗaya.

Fara da neman maganaɗisu, ko da na tsohuwar lasifika ne. Ba duk abin da ke ƙyalli a jikin mota ba ne kurom. Abin da maganaɗisu ya kama da ƙarfi, kuma kana ganin jar tsatsa a bayansa, baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rufi, kamar bambar Marsandi da ta Volkswagen Beetle. Abin da bai kama ba, ga shi da nauyi a hannu, tsatsarsa kuma fara ce kamar toka, wannan zubin tutiya ne da ake kira zamak, kuma da shi aka fi yin mariƙin ƙofa da gindin madubi da tambari. Sirara marasa nauyi da ke zagaye gilashi yawanci alminiyam ne. Masu Peugeot 404 da 504 kuwa sun huta: bambar waɗannan motoci ƙarfe ne marar tsatsa, dangin na cokali da kwanon silba. In ta dusashe, a buga lotsawar, a bi ta da sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, a goge da injin gogewa, shi ke nan. Na ga mai 504 ƙirar Kaduna da aka karɓi kuɗinsa wai za a sake wa bambarsa kurom, alhali tun daga masana'anta ba a taɓa sa mata ba.

Fentin gwangwani da aka rubuta wa kurom a jiki bai cancanci dogon bayani ba. Garin alminiyam ne a cikin fenti, yatsa ya taɓa shi ya dusashe. Ledar mannawa mai ƙyalli ma haka, ranar watan Afrilu kaɗai ta ishe ta, kuma duk ramin da ke ƙasa sai ya fito ta samanta. Akwai feshin azurfa, irin dabarar da ake yin madubi da ita, sannan a rufe da banish. Ranar farko yana ɗaukar ido, ya kuma dace da kayan roba na cikin mota, amma a bamba tsakuwa ɗaya ce za ta fasa banish ɗin, ruwa ya shiga, azurfar ta yi baƙi.

Hanyoyi biyu ne nake ganin mutuncinsu bayan wadda na fi so. Ta farko, a nemo tsohon kaya mai lafiya. A nan mu ’yan Arewa muna da sa'a, domin motar da ta yi rayuwarta a Kano ko Katsina ko Maraɗi ba ta sha danshi da gishirin bakin teku ba. Ka zaga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, sau da yawa mariƙin ƙofar da aka ciro daga mataccen jikin mota ya fi wanda za a gyara maka kyau, ya kuma fi araha nesa ba kusa ba. Ka duba shi a rana, ka shafa da bayan yatsa. Ko ƙurji ɗaya ka ji, ciwon ya riga ya kama. Ta biyu, sabuwar bamba ta ƙarfe marar tsatsa da ake ƙerawa a Biyetnam don tsofaffin motoci. Ba ta tsatsa, amma haskenta yana ɗan karkata zuwa rawaya idan ka jera ta da kurom na gaske mai ɗaukar shuɗi-shuɗi, kuma sau da yawa sai fanibita ya yi fama kafin ramukan noti su hau daidai.

Ni dai zaɓina rufin lantarki mai hawa uku ne, wanda ake tsoma kaya cikin ruwan sinadari wutar lantarki ta manna musu rufin: jan ƙarfe, sannan farin ƙarfen da ake kira nikel, sannan kurom. Shi ne aikin da ya yi daidai da na asali, kuma in an yi shi da gaskiya zai kai ka shekaru masu yawa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kurom ɗin kansa bai kai komai kauri ba. Ka raba milimita ɗaya gida 1,000, kurom ɗin ado bai cika kai kashi ɗaya a ciki ba, galibi rubu'i ne zuwa rabi. Hasken da kake gani na nikel ne, wanda a kayan waje ake so ya kai kashi 20 zuwa 30 na wannan ma'auni. Aikin kurom shi ne ya hana nikel dusashewa, ya ba shi tauri da wannan launi mai sanyi. Saboda haka rufi ba ya ɓoye aibi. Duk abin da ke ƙasa, ƙarci ne ko rami, sai ya bayyana, har ma ya fi fitowa fili.

Ga yadda aikin ƙwarai yake tafiya. Ana cire tsohon rufin gaba ɗaya da sinadari har a kai ga tsiraicin ƙarfe. In bamba ce, a buga ta ta miƙe, a cike inda tsatsa ta huda da walda, a daidaita. In zamak ne, nan wahalar take. Zanzanar da kake gani a sama bakin rami ne kawai, ruɓar tana can ciki, kamar haƙorin da tsutsa ta ci. Dole a bi kowane rami da siririn bakin injin huji a ƙwaƙule farar tokar nan har sai ƙarfe mai haske ya bayyana. Ba a kusantar da wutar walda gare shi, domin zamak yana narkewa a wajen digiri 385 na ma'aunin Selshiyos, kafin ka ankara mariƙin ya zama ɗigo a ƙasa. Sai a fara yi masa siririn rufin jan ƙarfe a ruwan da ba na asid ba, tunda ruwan asid cin tutiya yake yi. A kan wannan rufin ne ake cike ramukan da dalma ɗaya bayan ɗaya, a goge, a mayar cikin ruwan jan ƙarfe mai kauri, a fito a sake gogewa. Wani kayan sai ya shiga ya fita sau uku ko huɗu. Sai jan ƙarfen ya zama kamar madubi tukuna ake wucewa ga nikel, masu kyautata aiki ma hawa biyu suke yi na nikel ɗin don ya jure ruwa. Kurom shi ne na ƙarshe, mintuna kaɗan ne. Kuɗin da za ka biya kusan duk na hannun mai gogewa ne, shi ya sa ƙaramin mariƙi mai zanzana kan iya cin kuɗi kusa da na babban ƙarfe mai lafiya.

Ban san wannan duka ba lokacin da aka haɗa ni da wani mai aiki. Na kai masa bamba biyu, mariƙai huɗu da gindin madubi. Ya juya mariƙi ɗaya a hannu, ya ce, “Alhaji, wannan ai ƙaramin aiki ne, kwana huɗu ka aiko yaro.” Na ji daɗin saurin, na ji daɗin farashin. Da kayan suka dawo a naɗe cikin jarida suna walƙiya, har hoto na tura wa yayana. Sai da muka zo ɗaurawa wani dattijon fanibita da ya san motar tun zamanin mahaifinmu ya riƙe mariƙin ya yi shiru. Ya ce, “Ɗana, ina layin da ke nan gefen?” Babu shi. An kafa wa mariƙin dutsen injin gurza an cinye ƙarfen har ƙasan ramukan, kusurwa ta zama kumburi, bakin makulli ya faɗaɗa. Bambar kuma ya ɗora takardar jarida kusa da ita ya nuna mini rubutun yana rawa kamar a cikin ruwa. Damina ɗaya ta wuce, ƙurajen suka dawo, bambar ta fara zubar da jan hawaye daga gefuna. Babu jan ƙarfe a ƙasa, nikel ɗin ma shafa ce kawai. Kuɗin ba su dame ni kamar mariƙan ba, domin hannun mahaifina ya riƙe su shekara da shekaru, kuma ƙarfen da aka gurje ba ya dawowa.

Don haka duk wanda ya ce maka zai gyara zamak mai zanzana cikin kwana uku ko huɗu, karɓi kayanka ka tafi. Ka tambaye shi hawa nawa yake yi, ka ce ya nuna maka kwamin ruwan jan ƙarfe da na nikel da idonka. Da yawa dillalai ne, ba su da ko kwami ɗaya, karɓa suke su kai wani wuri, in kaya ya ɓace kowa ya ce ba a hannunsa ba. Ka yi sharaɗi cewa za ka ga kayan a matakin jan ƙarfe kafin a ci gaba. Mai gaskiya zai yi murna da wannan, domin a nan gwanintarsa take. Ka kula da masu kurom mai tauri na masana'anta, irin wanda ake yi wa sandunan haidurolik na katafila. Aikinsu na gaske ne amma ba na ado ba ne, toka-toka yake fitowa. Ka kula da masu feshin azurfa da ke kiran aikinsu kurom: ɗiga tina a wani lungu da ba a gani, in ya yi laushi ko ya dusashe, fenti ne. In an kawo maka aiki, leƙa cikin lunguna da kwana. Inda ka ga rawaya-rawaya, kurom bai kai wurin ba, nikel ne tsirara. Ka ɗauki hoton kowane yanki gaba da baya kafin ka miƙa, ku ƙirga tare, a rubuta a takarda, kowa ya riƙe kofi. Ka ce a rufe zaren noti da ramuka, don rufi yana ƙara kauri, in ba haka ba ka zo ɗaurawa abu ya ƙi shiga, ka matsa, sabon rufin ya tsage.

Mai son aika kaya waje ya san cewa ruwan kurom iri biyu ne. Tsohon, na asid ɗin kuromik, shi ke ba da shuɗin hasken da muka sani, amma guba ne mai jawo kansar huhu, kuma tun watan Satumba na 2017 ba a amfani da shi a Tarayyar Turai sai da izini na musamman. Sabon illarsa ba ta kai ta tsohon ba, launinsa kan ɗan fi duhu. Ka aika duk kayan da za su zauna kusa da juna a lokaci guda, wuri guda, don kada bamba ta yi wani launi fitila ta yi wani. A gida kuma, in ka shiga wurin aiki ka ga yara suna tsoma hannu ba safa, ruwan rawaya yana gangarawa kwatar unguwa, kada ka ba su aikinka ko da sun iya. Wannan ruwan rijiyar mutane yake komawa.

Ni a ƙarshe mariƙan tsofaffi na samo masu lafiya daga wata mota da ta mutu a Zinder, bambar kuma aka sake mata hawa uku, aikin ya ɗauki wata biyu. Kafin a ɗaura na sa aka yi wa cikinta fentin hana tsatsa, tunda rufin lantarki ba ya kama bayan bamba sosai, kuma daga nan ruɓa take farawa. Lokacin hunturu ba na bari a sa mata tsumma a bushe, sai an kwara ruwa ƙurar ta sauka, sannan sabulu mai laushi da ɗan kakin goge mota. Soson ƙarfe kuwa na hana shi kusantar garejin gaba ɗaya.